Kujerun baya da suka gagari mai su: nazarin wani gyara a Magazin na Kumasi

Motar tsohuwa ce, ƙirar Japan, mai cin mutum bakwai, irin waɗanda ake sayowa na hannu su shigo ta tashar jiragen ruwa ta Tema. Inji lafiya, giya lafiya, birki lafiya. Abin da ya kai ta gareji kujeru biyu ne na can ƙarshe, waɗanda ake naɗewa a ɗaga a rataye a jikin bangon motar in ana son fili, a sauke su in mutane za su zauna.

Mai motar gwaggona ce, ƙanwar mahaifina, tana zaune a Aboabo. Sana'arta girkin taro: suna, ɗaurin aure, sadakar arba'in, duk inda ake neman wake da shinkafa na jama'a a zangunan Kumasi, daga Asawase har Tafo. Mota ɗaya ke mata aiki biyu. Da safe jikoki da 'ya'yan maƙwabta za a kai makaranta, sai a sauke kujeru. Da hantsi za a shiga kasuwar Kejetia a ɗauko buhun shinkafa da albasa da jarkar mai, sai a ɗaga. Da la'asar a sake saukewa saboda Islamiyya. Asabar da Lahadi kuwa, da yake su ne ranakun biki a garin nan, kujerun a sama suke kwana, manyan tukwane da kuloli da tukunyar gas su cika bayan. Ina jin wanda ya zana kujerun nan yana tunanin iyalin da za su ɗaga su sau ɗaya a wata ne in za a yi tafiya. A hannun Gwaggo, wahalar da kujera za ta sha a shekara tana shan ta a mako.

Kokenta kashi uku ne. Maɗaurin da ake ja kujera ta saki ba ya jawuwa sai ta sa hannu biyu. In ya saki, ɗagawar ta fi ƙarfin kafaɗarta ta dama, wadda shekarun tuƙin tuwo suka riga suka ci rabonsu. In za a sauke kuma, ta dama ba ta kamawa sai an maka ta da ƙarfi, ta hagu ko da ɗan taɓi take kamawa, har takan saki don kanta in mota ta faɗa rami. A lokacin duk gidan mun ɗauka ta hagun ce lafiyayya. Ƙarshenta dai, mace mai motar kanta, mai 'yan aiki a ƙarƙashinta, sai ka gan ta tsaye a ƙofar gida tana jiran ɗan wani ya dawo daga ƙwallo ya ɗaga mata kujera.

Me ya sa ma aka yi su haka

Masu ƙera motoci sun daɗe suna kokawa da layin ƙarshe. Honda Odyssey da ta shiga kasuwar Amurka a 1995 ta zo da kujerar da ke nutsewa cikin wani rami a daɓen motar. Opel Zafira ta 1999 ta bi wannan hanya da kujeru biyu masu kwanciya a daɓe, sannan Chrysler a motocinta na 2005 ta sa layi na biyu da na uku duk suna shigewa ƙasa. A irin waɗannan, nauyin kujera yana taya mai naɗewa, domin ƙasa za ta tafi. Amma dogayen motocin da aka yi don mugun hanya ba su da wurin rami: ƙarƙashin daɓen nan gatarin baya ne, ga tayar safiya a wasu. Shi ya sa a Land Cruiser da yawa da Fortuner za ka ga kujerun a rataye a gefe. Fili ya samu, sai dai dole mutum ya ɗaga kujera sukutum da ƙarfenta da sosonta. A irin ta Gwaggo, maƙera sun rage wannan nauyi da sifirin mai murɗi da suka ɓoye cikin hinjin da kujerar ke juyawa a kai. Mai mota ba ya ganinsa, ba ya ma sanin yana nan, sai ranar da ya daina aiki.

A rumfar Masta

A Magazin na Suame, babbar unguwar masu gyaran mota ta Kumasi, kowa da fanninsa. Akwai na inji, na giya, na lantarki, masu buga jiki, masu feshi, masu ɗinkin kujera, masu yanka mota su sayar da ita gunduwa-gunduwa. Wanda muka je wurinsa ɗan zango ne, aikinsa ƙofofi da makullai da injin gilashi da kujeru. Kowa Masta yake ce masa.

Bai fara da sifana ba. Cewa ya yi Gwaggo ta ɗaga kujerar da kanta yana kallo. Kafin ta matso, wani ƙosasshen yaronsa ya riga ya fizge ta da hannu ɗaya ya ce, "Masta, ai ba ta da komai." Masta ya dube shi ya ce, "Kai za ka riƙa bin ta Kejetia kullum? Sauke ka ba ta wuri." Wannan, a ganina, shi ne ya raba gyaran nan da waɗanda aka yi a baya. Gareji cike yake da matasa masu ƙarfi, kuma duk abin da hannunsu ya iya, a wurinsu lafiyayye ne.

Ta ɗaga, da kyar, yana lura da inda ta kama da yadda ta sunkuya. Sai ya aika aka aro masa sikeli mai ƙugiya daga wurin masu sayen tsohon ƙarfe, ya maƙala a daidai inda hannunta ya kama, ya ja har kujerar ta bar daɓe, ya sa alli ya yi zane a inda allurar ta tsaya. Duk abin da aka gyara daga baya, sai an koma wa sikelin nan an gani ko allura ta sauka. Ba gardama, ba "ni dai na ji ta yi sauƙi".

Da aka yaye shimfiɗar daɓe, abin da muka gani ya isa ya bayyana rabin matsalar. Ƙafar kowace kujera tana sauka ne a kan wani lanƙwasasshen ƙarfe da ke zaune cikin ɗan gurbi a daɓe. Gurbin nan ya cika dam. Ƙwayoyin shinkafa, wake, busasshen shito (miyar barkono ta Ghana), ɓawon albasa, har da wani tsohon kwabo, duk sun dunƙule da baƙin man inji da wani ya taɓa tsiyayawa don a sami santsi. Ƙurar hunturu ta Disamba zuwa Fabrairu ta hau kan man ta zama laka, raɓar damina ta zo ta ɗora tsatsa. Masta ya sa bakin sukundireba ya ɓamɓaro shi gaba ɗaya, ya fito da siffar gurbin, har da shatar ƙarfen a jikinsa. Ƙafar kujera ba ta kai ƙasa inda ya kamata, shi ya sa sai an maka ta. Kananzir, tsohon buroshin haƙori, tsumma, da iskar mai faci na maƙwabta, su suka yi wannan aikin.

Sakata, da abin da aka yi mata a ɓoye

Sakatar kujera ba ta da wuyar fahimta. Ƙugiya ce mai baki buɗe. In kujera ta sauka, ƙarfen daɓe ya shiga bakin, ƙugiyar ta juya ta rungume shi, sai wani ɗan harshen ƙarfe ya faɗa bayanta ya tokare ta. Ƙaramin sifirin ne ke tura harshen nan. In ka ja maɗauri, waya ce ke janye harshen, ƙugiya ta koma ta saki. Ƙarar "ƙas" da ake ji, faɗawar harshen ce. In datti ya hana shi faɗawa sosai, kujera za ta zauna kamar ta kama alhali a bakin haƙori take. Shi ya sa motoci da yawa ke da jan zane a jikin maɓallin sakin kujera: muddin kana ganin jan, ba ta kama ba.

Masta ya gwada su kujerun suna sama. Ya tura sandar sukundireba cikin bakin ƙugiyar dama a madadin ƙarfen daɓe, ta ce ƙas, ya jijjiga, ta ƙi saki. Ya yi wa ta hagu haka, ta kama, ya danna da babban yatsa kawai, ta buɗe. Ya haska tocilar waya ciki ya kira ni. Haƙorin da harshe ke tokarewa yana ƙyalli, an goge shi da magagari har ya zama gangare.

Nan Gwaggo ta tuna. Bara, ana saurin kai abincin wani ɗaurin aure, kujerar ta ƙi saki, wani fita, wato makanike, na bakin hanya ya yi mata 'yan mintoci a kai, tun daga ranar ba ta sake ba ta wahala ba. Har yaba masa take.

"To Masta, a yi wa ta daman ma haka mana," in ji ta. "Ni sauƙi na zo nema."

"Mma Hajiya, su wa ke zama a nan?"

"Jikokina."

"To ni ba zan goge ba. Ita ma wannan cire ta zan yi. In gogewa kike so, ga su nan cike da layi, amma ba a rumfata ba."

Ta ɓata rai, ta ce shi dai yana son sayar mata da kaya ne. Ba laifinta ba ne, kowa a garin nan an taɓa sayar masa da abin da ba ya bukata. Amma a nan gaskiya na tare da Masta, kuma lissafi yana bayansa. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 17, wadda Turai da ƙasashe da dama ke bi kan kujerun mota, ta tanadi gwaji irin wannan: a ajiye dunƙule biyu, kowanne kilo 18, a bayan majingina, sannan a tsayar da gangar motar farat ɗaya da ƙarfin da ya ninka nauyin kowane abu sau 20, a ga ko kujera da sakatarta za su riƙe. Ƙa'idar Amurka mai lamba 207 ita ma ta ce kujera ta jure turin da ya kai nauyinta sau 20. Ɗauki wannan ninkin ka kawo shi motar Gwaggo. Buhun shinkafa mai kilo 50 ya zama tan guda. Yaro mai kilo 30 ya zama kilo 600. A motarta kuma, bakin da ake soka bel a jikin kujerar yake, wato wani kaso na wannan nauyi ta ƙafar kujera zai bi ya sauka kan haƙorin nan da bai fi ƙwayar masara ba. Dokar hanya ta Ghana ta 2004, mai lamba 683, ta wajabta ɗaura bel. To yaron da ya ɗaura bel a kujerar da babban yatsa ke buɗewa, me ya ɗaura?

Aka sayo sakatar hagu daga masu yanka mota. Masta da kansa ya je, domin yana son ya ga motar da za a ciro ta: ba ya son wadda aka daka ta baya, ba ya son wadda ruwa ya ci. Da notinta na asali aka ɗaura. Mai walda na kusa ya ce a ciko haƙorin tsohuwar da wuta a sake feƙe shi, ya fi arha. Ba a yi ba. Ƙarfen haƙorin nan an ƙarfafa shi ne da wuta tun a masana'anta, in walda ta sake taɓa shi ko ya yi laushi ko ya yi gautsi, kuma ido ba ya bambancewa.

Ta dama kuwa sakatarta lafiya, ƙarfen daɓen ne ya karkace. Masta ya shafa masa alli ya sauke kujera a hankali ya ɗaga, sai ga allin ya goge a gefe ɗaya kawai, alamar yana gugar leɓen ƙugiya maimakon ya shiga tsakiyar baki. Tukunyar gas da ake jan ta a kansa duk mako ita ta kwantar da shi. Shi ma aka canza. Wayoyin sakin an zare su, aka wanke, aka fesa musu man silikon; ta dama rigarta ta tsage ta sha tsatsa, aka sa wata.

Yanzu maɗauri da yatsa biyu yake jawuwa, kujerun biyu kuma suna cewa ƙas da danna tafin hannu. Aka koma wa sikeli. Allura ta tsaya a kan zanen alli na farko, ko gezau. Gwaggo ta dubi Masta ta ce, "Na ga dai motar ta yi tsabta."

Inda nauyin yake

Aka cire murfin robar da ke rufe hinji. Sandar da kujera ke juyawa a kai ta yi ja da tsatsa, aka goge, aka sa farin giris. Allura ta ɗan sauka, ba wani abin a zo a gani ba. Sai Masta ya nuna mana ainihin abin: sifirin ɗin dama ya karye daga wutsiya, inda yake tokare da bango, yana nan a naɗe a wurinsa yana juyawa tare da kujera ba ya tura komai. Na hagu bai karye ba amma ya saki jiki.

A nan sai an ɗan yi lissafi, domin shi ya yanke duk shawarar da ta biyo baya. A ce kujera kilo 20 ce, kuma tsakiyar nauyinta yana santimita 30 daga hinji. Wanda ya kama ta a daidai wurin nan, kilo 20 zai ɗaga. Wanda ya kama a can bakin, santimita 60 daga hinji, kilo 10 zai ɗaga. Kuma nauyin ba ɗaya ba ne duk tsawon hanya: ya fi tsanani a farko, kujera tana kwance, yana raguwa tana miƙewa, har in ta tsaya a jikin bango ɗan yatsa ya riƙe ta. Sifirin mai murɗi ya dace da wannan sarai, domin kujera tana ƙasa ne yake a murɗe matuƙa, yana ba da duk ƙarfinsa a lokacin da aka fi bukata, yana sassautawa tana hawa.

Ɗan Gwaggo, da wani mai sayar da kayan gyara da ya tsoma baki, suka kawo shawarar da kusan kowa ke kawowa: a manta da sifirin, a sa shok irin na murfin but. Yana da arha, yana ko'ina a Magazin, kuma kowa ya ga yadda yake ɗaga ƙofar baya ba wahala. Shawarar ba ta wauta ba ce, akwai wuraren da take aiki. Shok ɗin nan bututu ne mai iskar naitirojin a matse, ƙarfinsa a rubuce yake a jikinsa da lamba da harafin N, kuma kowane 100 kusan kilo 10 ne. Matsalar ita ce wurin ɗaurawa. Babu fili a gefen kujera, dole a kafa shi kusa da hinji, a ce santimita 10. Don ya ɗauke nauyin kujerar misalinmu daga nan, sai ya yi turin kilo 60, wato mai lamba 600, kuma wannan in yana turawa a miƙe ke nan. Kujera tana kwance, shok ɗin shi ma kusan a kwance zai kasance, yawancin ƙarfinsa hinji zai riƙa turawa ba kujera ba. Ɗaya bakin kuma a jikin me? Bangon ciki na mota falle ne siriri a bayan roba, turin kilo 60 dare da rana zai yage shi, sai an yi walda an ƙara ƙarfe, an huda inda maƙera ba su huda ba, kusa da inda bel ɗin layin ƙarshe ke ɗaure. Sannan shi shok ba ya sassautawa sosai in ya miƙe, yadda sifirin ke yi. Ƙarshen hawa, inda kujera ba ta da nauyi, yana nan da yawancin ƙarfinsa, zai maka ta a gilashi, ko a haɓar yaron da ya ja maɗauri yana leƙe. Saukewa kuma sai Gwaggo ta yi kokawa da shi. An ɗauke wahala daga ɗagawa an kai ta saukewa ke nan.

Wani ya ce akwai masu naɗa sifirin a Magazin, a kai musu karyayyen su yi irinsa. Suna yi kam, kuma na ƙananan abubuwa yana aiki. Amma wannan mai kauri ne, in ba a gasa shi daidai ba, ko ya saki cikin wata biyu ko ya tsinke. Masta ya fi son a nemo hinjin gaba ɗaya da sifirin ɗinsa a ciki, kada ma a zare shi. Abu biyu ya ja wa yaransa kunne a kai. Na dama da na hagu ba sa musanya, naɗinsu ya saɓa, in ka sa na wancan gefe zai warware ne maimakon ya murɗe. Kuma ba a kwance hinji kujera tana ƙasa, lokacin sifirin yana cike da ƙarfi, yana iya karya yatsa. A sama ake ɗaure ta da igiya, mutum ɗaya ya tallafe, sannan a sassauta noti.

An sami na dama mai kyau. Da aka ɗaura, allura ta faɗo ƙasa da zanen alli da tazara mai yawa, wannan karon Gwaggo ba ta ce komai ba, ta ɗaga ta sauke ta sake ɗagawa. Na hagu kuwa duk waɗanda aka kawo gajiyayyu ne kamar nata, aka mayar.

Abin da ya fi komai arha

Tun ɗagawar farko Masta ya lura da wani abu. Gwaggo gajeriya ce, in ta tsaya a bayan mota bamba ya tokare mata gwiwa, sai ta sunkuya ta cusa hannu ƙarƙashin kujera a tsakiya, domin nan ne akwai wurin kamawa. Wato tana ɗaukar ninki biyu na abin da ya kamata, a sunkuye, hannu a miƙe, kamar mai ɗaga tulu daga nesa da jikinta. Yaron da ya ce ba ta da komai a can bakin ya kama, bai ma san ya yi ba.

Aka yanko bel daga wata matacciyar mota, mai ɗinkin kujera ya ɗinka shi ya zama hannu, aka zagaya shi a jikin bututun ƙarfen kujerar a kusurwar da ta fi nisa da hinji kuma ta fi kusa da ƙofar baya. Ba a huda komai ba, ba a ɗaura a jikin soso ko roba ba. Tsawonsa da jikinta aka auna: ta tsaya a miƙe, ta saki hannu, inda yatsunta suka kai nan aka yanke. Da aka maƙala sikeli a sabon hannun, sauƙin da ya bayar ya kusa kamo na sifirin, kuɗinsa kuwa bai wuce na ɗinki ba. Kujerar hagu, da ba ta sami sabon hinji ba, da wannan ta rayu.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Maɗaurin da ke rataye kujera a sama ya daɗe da tsinkewa ana amfani da igiyar shanya, kujera tana rawa tana bugun gilashi, har ta taɓa faɗowa kan kular miya. Aka sa na asali mai ƙugiyar ƙarfe, aka ɗame shi. Aka nuna mata ta fara sauke matashin kai ta kuma maƙale bel a gefe kafin ta naɗe majingina, domin su ne ke cijewa a ɗauka kujera ce ta ƙi. Daga kasuwar katako ta Sokoban aka yanko falankin filawud daidai faɗin daɓe, aka bi shi da roba, ana shimfiɗawa in za a ɗora tukwane, ya rufe gurabun nan biyu, tukunyar gas ta zame a kansa. Batun mai kuwa Masta ya taƙaita: farin giris kaɗan a hinji, silikon a waya da roba, cikin sakata a wanke a bar ɗan shafi kawai. Man feshin nan WD-40 yana kwance tsatsa yana wanke datti, amma siriri ne, ba ya daɗewa, sai an bi shi da giris. Baƙin mai kada ya sake shiga motar. Bel kuma ko kusa kada mai ya taɓa shi, ruwa da sabulu ne nasa. Wankin gurabun ya ce a yi in hunturu ya wuce, a sake in damina ta ɗauke.

Inda aka tsaya

Ta dama Gwaggo tana ɗaga ta da hannu ɗaya, kuma in za a sauke ba ta faɗowa, a hankali take zuwa, sai a ƙarasa da tafin hannu a ji ƙas, a jijjiga a tabbatar. Jijjigar nan ta zama dokar gidan, kuma an hana yara taɓa maɗaurin sakin, babba ne ke saukewa. Ta hagu hannu biyu take so. Da safe ba matsala, amma ranar da aka wuni a bakin murhu kafaɗar ba ta yarda, sai a bar ta a inda take. Rataye ƙugiya a sama har yanzu sai ta ɗora gwiwa ɗaya a daɓe, wannan tsawo ne, gareji ba shi da maganinsa, kuma in aka ƙara wa maɗaurin tsayi kujera za ta koma rawa.

Ɗanta ya so a kwance ta hagun gaba ɗaya a ajiye a ɗaki, a huta, a ƙara fili. Ta ƙi, ta ce ranar Juma'a da ranar da 'ya'yan maƙwabta suka cika wa za a ce ya sauka. Abin da aka daidaita a kai shi ne ta hagu tana zama a sama yawancin mako, ta dama ce ke hawa da sauka. Masta ya riƙe lambar da ke jikin hinjin hagu, ya tura hotonsa ga wani mai kaya a Abossey Okai a Accra, wanda ya ce a ba shi lokaci ya duba cikin kayan da yake jira.